Ƙwai a Baka, Kaza a Akurki

Ɗan yayata bai iya zaɓen lokaci ba. Kwana biyu bayan sallar layya ne, gida cike da baƙi, ƙamshin suya bai gama barin tsakar gida ba, ni da mahaifinsa muna zaune a zaure bayan isha'i. Ya shigo ya durƙusa ya gaishe mu, sannan ya ce yana so ya ajiye aiki a ƙarshen shekara. Aikin kuwa ba na banza ba ne. Shekara biyar ke nan yana Abuja yana rubuta wa wani kamfanin hada-hadar kuɗi manhajoji, albashi yana shiga a kan kari, har da inshorar asibiti. Abin da zai bar wannan duka saboda shi wata manhajar waya ce da ya ƙirƙira da kansa, wadda ɗan kasuwa zai riƙa rubuta ciniki da bashi a cikinta maimakon littafi.

Mahaifinsa bai ko dube shi ba. Ɗan fari ne, ko sunansa ba ya kamawa. Ni ya juyo ya kalla.

"Malam, ka ji abin da yaron nan yake faɗa? Mutane na yawo da takardu rana na dukansu suna neman aikin, shi kuma ya samu zai zubar. Ƙwai a baka ai ya fi kaza a akurki."

"Baba, ƙwan ne kullum yake ƙanƙancewa," in ji yaron, kansa a sunkuye.

Tun daga daren nan na zama alƙalin da ba wanda ya naɗa. Wata shida kowa na kawo mini hujjarsa, ɗaya a zaure, ɗaya ta waya. Na daɗe ina jin irin wannan gardama a bakin matasan da suka koyi aikin kwamfuta, amma sai da ta shigo gidanmu na gane cewa kowane ɓangare yana da gaskiyar da ɗayan ba ya son ji.

Zan fara da Alhaji, mahaifin yaron, don shi aka fi yi wa gurguwar fahimta. Matasa na ɗaukar irin maganarsa tsoro ne kawai irin na tsofaffi. Ba haka ba ne. Albashin yaron nan ba nasa ba ne shi kaɗai. A cikinsa ake biya wa ƙannensa biyu kuɗin makaranta, a cikinsa ake sayen maganin hawan jinin mahaifiyarsa, a cikinsa kuma ake ta haɗa lefe sannu a hankali. Saurayin da ya bar aiki a Amurka ya kafa kamfani ya karye, yawanci shi kaɗai ya faɗi, ya kakkaɓe ƙura ya nemi wani aikin. A nan idan ya faɗi, kan mutane yake faɗawa. Duk wanda ke ba matasanmu labarin jarumtar barin aiki ba tare da ya ƙirga bakunan da ke jiran albashin ba, labarin wata ƙasa yake bayarwa.

Sai maganar kuɗi, wadda Alhaji bai san ƙididdigarta ba amma hancinsa na ɗan kasuwa ya shinshino ta. Mai manhaja a Najeriya da dala yake kashewa, da naira yake karɓa. Google na karɓar dala 25 sau ɗaya kafin ya ba ka rumfa a kasuwarsa ta manhajoji, Apple kuma dala 99 duk shekara. Idan mutane suka biya kuɗin rajista ta cikin manhajar, masu kasuwar za su cire kashi 15 cikin ɗari daga ƙaramin mai sana'a, babba kuma har kashi 30. Kwamfutocin da ke riƙe da bayanan masu amfani da manhajar haya ake yi, galibi a ƙetare, duk wata da dala. Kafin watan Yunin 2023 dala na wajen naira 460 a farashin gwamnati, wato dala 99 ɗin nan kimanin naira 45,000 ce. Da aka saki naira ta nemi farashinta, ba a yi shekara ba dala ta haura 1,500, kuɗin ya koma kusan 150,000, alhali manhajar ba ta ƙara ko kwabo a abin da take kawowa ba. Akwai ma lokacin da bankuna da dama suka tsayar da amfani da katin naira wajen biyan kuɗi a ƙetare, sai ka ga mutum da kuɗinsa a asusu yana neman wanda zai ara masa kati. Ga man janareta tun bayan cire tallafi a watan Mayun 2023. Ga kuɗin data da hukumar sadarwa ta amince a ƙara da kashi 50 cikin ɗari a farkon 2025.

Wannan duk mai sauƙi ne idan aka kwatanta da halin mai saye. Wayar da ke aljihun yawancin mutanenmu Tecno ce ko Itel ko Infinix, cikinta a cike da hotunan biki da wa'azi da bidiyon barkwanci. Ranar da ta ce babu sauran wuri, manhajar da aka fi daɗewa ba a buɗe ba ita ake fara gogewa. Kuma ba mu saba biyan kuɗi a kan abin da ba a riƙewa a hannu ba. Masu shirya fina-finan Hausa sun ɗanɗana wannan kafin kowa. Kasuwar faifai ta mutu a hannun masu tura fim a waya da 'yan canji, har dole ta sa da yawa suka koma sakin shiri kashi-kashi a YouTube suna jiran kuɗin talla. In mutum ya ƙi biyan fim ɗin da yake so har ransa, me zai sa ya biya littafin bashi duk wata, alhali na takarda yana nan a shagon maƙwabci, ba ya cin caji, ba ya neman sabis?

Akwai kuma hannun hukuma, wanda ba ya sallama kafin ya shigo. Kamfanonin da suka zuba kuɗi a manhajar kiran ɗan acaɓa a Legas, irin su Gokada, sun wayi gari a watan Fabrairun 2020 gwamnatin jihar ta hana babura ɗaukar fasinja a manyan sassan birnin. Wasu suka koma kai saƙo, wasu suka tattara. Mu Kanawa ba sai an ba mu labari ba, tun 2013 aka hana acaɓa a nan. A watan Satumban 2021 an kashe layukan waya a Zamfara saboda yaƙi da 'yan bindiga, abin ya taɓa sassan Katsina da Sakkwato da Kaduna. Mai sayar da gero ya ci gaba da aunawa. Mai manhaja fa?

Da na karanto wa yaron waɗannan, na zaci zai yi laushi. Dariya ya yi.

"Kawu, duk abin da ka faɗa gaskiya ne. Amma ka lissafa haɗarin tafiya, ba ka lissafa na zama ba."

Kuma yana da hujja. A 2024 hauhawar farashi ta wuce kashi 30 cikin ɗari. Albashin da ba a ƙara ba a irin wannan shekara an rage shi ne ba tare da an rubuto takarda ba. Aikin da Alhaji ke gani kamar dutse shi ma yana motsi. Andela, kamfanin da ya yi suna wajen horar da matasan Afirka rubuta manhaja, ya sallami ƙananan ma'aikata wajen 400 a rana ɗaya a watan Satumban 2019. Tun da ChatGPT ya fito a ƙarshen 2022 kuma, aikin da ake ɗaukar yara uku su yi, mutum ɗaya na iya gamawa da taimakon na'ura. Yaron ya ce a ofis ɗinsu ba wanda ke faɗa da baki, amma kowa ya san ba za a ci gaba da ɗaukar mutane kamar da ba. Wannan takobi dai kaifi biyu gare shi, na tuna masa: na'urar da ta sauƙaƙa masa gina manhaja ita za ta sauƙaƙa wa wani kwaikwayonta cikin mako guda. Ya ce ya sani.

Hujjarsa mafi ƙarfi ita ce abin da ya faru a farkon 2023, lokacin canjin kuɗi. Wanda ya ga layin banki a watannin nan ba zai manta ba. Takardar naira ta yi ɓatan dabo, manhajojin manyan bankuna suka riƙa sarƙewa, sai ga mai shayi da mai nama da mai adaidaita sahu sun buɗe asusun OPay da Moniepoint da PalmPay. Abin da shekara goma ta wayar da kai ba ta yi ba, wahalar wata uku ta yi shi. Yau dattijon da a da ba ya yarda da kuɗin da bai lasa yatsa ya ƙirga ba, shi ne ke cewa "bari in ga alat" kafin ya saki kaya. Ƙofar da aka ce ba za ta taɓa buɗuwa ba ta buɗe, in ji yaron, kuma wani zai shiga. Tambayarsa ita ce: wa? Mutumin Legas da bai san turmi ba, bai san tiya ba, bai san adashi ba, bai san cewa ɗan kasuwar Kwari na iya karɓar sefa daga baƙon Damagaram ya rubuta da naira ba? Ko shi, da ya tashi yana jin wannan lissafi a zauren ubansa? Kullum muna ƙorafin cewa an bar Arewa a baya a harkar fasaha, amma duk yaron da ya ɗaga ƙafa zai taka, mu ne na farko da za mu riƙe masa riga. Wannan magana ta soke ni, don ni ma na sha rubuta irin wancan ƙorafi.

Ya ƙara da cewa bai yi aure ba tukuna. Idan bai gwada yanzu ba, ranar da aka kawo amarya aka fara sayen madara da kuɗin haya, magana ta ƙare. Zomo ba ya kamuwa daga zaune.

Sai ya kawo labaran da duk matashi mai wannan buri ke riƙe da su kamar laya. Paystack, wanda Shola Akinlade da Ezra Olubi suka kafa a 2015, kamfanin Stripe na Amurka ya saye shi a 2020 a kan kuɗin da aka ce ya haura dala miliyan 200. WhatsApp, wanda Facebook ya saya a 2014 a kan dala biliyan 19, yana da ma'aikata 55 kacal. A nan ne na fara rabuwa da shi, don waɗannan labarai ana cin tsakiyarsu ne a bar gefe. Jan Koum da Brian Acton sun shafe shekaru suna aiki a Yahoo suna tara kuɗi kafin su kafa WhatsApp a 2009, kuma abin da aka fara ginawa ba manhajar aika saƙo ba ce, wata aba ce ta nuna ko mutum yana da sukunin amsa waya, wadda kusan ba wanda ya kula ta. Guzuri ne ya riƙe su har suka gano abin da mutane ke so. Moniepoint ɗin da ya ba ni misali da shi ya fi koyar da darasi. Tosin Eniolorunda ya bar Interswitch ya kafa TeamApt a 2015, amma ba kai tsaye ya faɗa kasuwa da na'urar POS ba. Shekaru ya yi yana rubuta wa bankuna manhaja suna biyansa, da wannan kuɗi kamfanin ya tsaya da ƙafarsa, sai a 2019 Moniepoint ta fito. Ya bar aiki, gaskiya ne, amma da mai saye a hannu ya fita. Waɗanda suka fita da manhaja kawai da fatan alheri suna da yawa, sai dai ba a gayyatar su taro su ba da labari.

Abin mamaki, wannan tsari ba baƙo ba ne a gidan Alhaji. Shi kansa ba da albashi ya gina gidan da muke zaune a zaurensa ba. Yaron shago ne a Dawanau, ya yi wa ubangidansa hidima shekara da shekaru, ya san wane dillali ne mai amana, wane ne ke cusa tsakuwa a gindin buhu, wane baƙo ne ke biya in ya koma gida, wane ne sai an bi shi. Ranar da aka sallame shi da ɗan jari, ba jarin ne dukiyarsa ba, mutanen da suka riga suka san fuskarsa ne. Da na tuna masa, ya yi shiru, sannan ya ce, "To ai ni na san masu sayen hatsi. Shi wa ya sani?"

A ganina duk gardamar a cikin wannan tambaya take. Uba na maganar tsira, ɗa na maganar zuciya, amma wanda zai yanke hukunci yana zaune a kasuwa bai ma san ana yi ba. Don haka wata Asabar na ce wa yaron ya ɗauko wayarsa mu shiga Kantin Kwari wajen wani dattijo, abokin cinikin gidanmu, mai sayar da atamfa da shadda.

Mun same shi a kan darduma, turame jibge har rufi, fanka na juya zafi. Littafinsa na gefen cinyarsa, dogo mai baƙin bango, an ɗaure shi da roba, gefen takardun ya yi baƙi da yatsa. Yaron ya durƙusa ya nuna masa yadda ake shigar da suna da kaya da kuɗi. Dattijo ya gyara tabarau yana kallo.

"Samari, in wayar ta faɗa ruwa fa?"

"Ba abin da zai ɓata, Alhaji. Komai na ajiye a intanet."

"A hannun wa?"

Yaron ya fara bayanin kulle-kullen sirri da dokar kare bayanai ta 2023. Dattijo ya bar shi ya gama, sannan ya ce littafin nan ko 'ya'yansa ba duka ne suka taɓa buɗe shi ba, balle ya miƙa wa wanda bai sani ba, gobe masu haraji su zo da takarda sun san cinikinsa fiye da shi. Yaron bai karaya ba, ya fito da abin da ya fi alfahari da shi, wanda ya ci masa dare ba adadi: idan wa'adin bashi ya cika, manhajar da kanta za ta aika wa mai bashin saƙon tuni.

Dattijo ya cire tabarau.

"Wato Hajiyar Maraɗi, da muka yi shekara ashirin muna ciniki, ta tashi da safe ta ga waya na bin ta bashi da sunana? Lokacin da aka rufe iyaka bayan juyin mulkin Nijar, wata bakwai ba ta zo ba, ban kira ta na ce kuɗi ba. Kira nake in tambayi jikin maigidanta. Ita ta san abin da gaisuwar ke nufi. Ranar da aka buɗe hanya da kuɗina ta fara zuwa. Wannan abin naka a rana ɗaya zai kashe mini abin da na gina a shekara ashirin."

Na ga fuskar yaron ta sauya. Shekara guda yana gini, bai taɓa zama awa ɗaya a shagon da yake ginawa dominsa ba. Da a nan aka tsaya, da mahaifinsa ya ci gardama. Amma muna fita, wani matashi daga cikin yaran shagon ya biyo mu har bakin layi, ya ce a sa masa manhajar a wayarsa. Shi ne ke rubuta fitar kaya. Duk ranar da lissafi bai daidaita ba shi ake kallo, ko ba a ce komai ba. Ba ruwansa da saƙon tuni. So yake ya san turmi nawa suka fita, wa ya ɗauka, da ƙarfe nawa, yadda in an tambaye shi zai nuna. Ya tambaya ko tana aiki in babu sabis, don cikin layukan nan sabis sai an fito waje. Ba ta yi. Yaron ya rubuta wannan a tafin hannunsa da biro.

To, ga mai bukata an samu, amma ba wanda aka yi zato ba, kuma ba shi ne mai kuɗin ba. Kowane ɓangare ya fita daga Kwari da abin kafa hujja.

Shawarar da ta fi zuwa baki a irin wannan hali ita ce a raba ƙafa: riƙe aikinka, gina manhajarka da dare da ƙarshen mako. Ni ma ita na bayar, amma ba zan sayar da ita a matsayin magani mara ɗaci ba. Taura biyu ba ta taunuwa. Lokacin da Kwari ke ci, shi yana ofis a Abuja. Lokacin da ya tashi, an rufe kasuwa. Akwai kuma maganar amana, wadda matasa ke tsallakewa da gudu. Wanda ya sayi lokacinka daga safe zuwa yamma yana da haƙƙi a kansa, kuma kamfanoni da yawa na rubutawa a takardar ɗaukar aiki cewa abin da ma'aikaci ya ƙirƙira da kayansu ko a lokacinsu nasu ne. Mutum na iya gina abu shekara biyu a kwamfutar ofis, ranar da ya fara kawo kuɗi lauya ya ƙwanƙwasa ƙofa. Sannan raba ƙafa na iya zama wurin ɓuya. Na san waɗanda suka shekara bakwai suna "gyara manhaja", ba su taɓa nuna wa baƙo ita ba, don muddin ba a kai ta kasuwa ba, ba wanda zai ce ba ta da kyau. Ko Google ya gaji da irin wannan gini na cikin ɗaki: tun ƙarshen 2023 sabon mai rumfa da ya yi rajista da sunan kansa, ba na kamfani ba, sai ya samo mutanen da za su gwada manhajarsa kwana 14 a jere kafin a bar shi ya sake ta, da farko mutum 20, daga baya aka rage zuwa 12.

Duk da haka, in an matsa mini in faɗi inda na karkata, ba na goyon bayan ya ajiye aiki a kan ranar da ya zaɓa a kalanda. Ina goyon bayan ya ajiye ranar da mutanen da ba danginsa ba, ba abokansa ba, suka biya kuɗi wata uku a jere ba tare da an roƙe su ba, kuma yana da guzurin da zai riƙe kuɗin makarantar ƙannensa shekara guda ko da manhajar ba ta kawo sisi ba. In wannan rana ta zo Alhaji ya ci gaba da riƙe masa riga, a nan zan koma bayan yaron, kuma na faɗa wa Alhaji haka a gaban idonsa. Bai ji daɗi ba.

Ƙarshen shekara ya zo ya wuce, yaron bai rubuta takardar ajiye aiki ba. Hutunsa na shekara ya ɗauka gaba ɗaya, ya zo ya zauna a Kwari mako uku a kan benci, yana ɗauko turmi yana miƙawa kamar kowane yaron shago. Ya cire saƙon tuni. Ya sa ta yi aiki ba sabis. Ya rage mata nauyi har ta zauna a tsohuwar Itel. Shaguna kaɗan sun fara biya, ba su kai yawan da zai sa a yi magana ba, kuma dattijon nan har yau da littafinsa yake. Yaron ya ce ya ba kansa zuwa wata sallar layyar. Mahaifiyarsa ta ce ita dai a gama lefe tukuna.

Makon jiya na leƙa Dawanau na tarar da yaron shagon Alhaji yana latsa waya a kan tulin buhunan masara. Na leƙa, sai ga manhajar. Ashe wata biyu ke nan Alhaji ya sa a saka ta, bai faɗa wa kowa ba. Da ya ga na gani sai ya haɗe fuska, ya ce abin ba shi da wurin rubuta ladan dillali da kuɗin dako, in faɗa wa yaron nan ya gyara. Na kira shi a nan take na sa a amsa-kuwwa. Ya saurara, ya ce zai gyara, sannan ya yi gyaran murya.

"Baba, watan gwaji ya ƙare tun tuni. Ana biya ne."

Alhaji ya dubi wayar, ya dube ni.

"Malam, ce masa ba littafin bashi ya ce ya yi ba? To ya rubuta sunana a ciki."